Likitan da Ke Cikin Rediyo

3 ga Maris

Zuwa ga Sarkin Ƙarya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kamar yadda muke nan, sai godiyar Allah. Yara lafiya lau, babansu yana kan hanya da babbar mota, sai ƙarshen wata. Inna tana zaune kusa da keken ɗinki ina rubuta wannan, ta ce in gaishe ka, in ce ka rage shan shayi ka riƙa cin abinci, don ta san halinka.

To, ɗan kawu, ka gama da layinmu. Duk Talata da Juma'a, ƙarfe biyar na yi, shagona ya tashi daga nawa. Mata su cika benci, mai gyaran takalma ya ajiye gudumarsa ya leƙo ta taga, kowa ya zo jin wasan nan naka, Farar Riga. In na taka keke a ce in tsaya, kamar ba da keken nake ci ba. Da an ji Likita Dogo ya buɗe famfo yana wanke hannu yana fito, sai ka ji shagon ya yi tsit, don an san wanda ke kwance a kan gadon tiyata ba zai tashi ba. Matar mai burodi ta rantse ko haƙori ba za ta ƙara bari a cire mata ba.

Inna kuwa ba a magana. Duk wanda ya shigo sai ta gaya masa ɗanta ne ya rubuta. Ni da ta haifa, shekara goma sha biyu ina ɗinki, ban taɓa jin ta yabi ko aljihu ɗaya da na yi ba. Kai da ta raina, ka je ka zauna kana zuba ƙarya ana biyanka, kai ne ɗan albarka. Ba komai, akwai Allah.

Sai dai ƙaryar taka ta jawo mana aiki. Akwai wani ɗan ƙullutu da ya fito wa Inna a ƙirji, na lallaɓa ta muka je asibiti. Likitan ya duba, ya yi gwaji, ya ce yana so a cire. Yana gama magana ya tashi ya buɗe famfo zai wanke hannu. Ka san abin da goggonka ta yi? Ta ɗauki mayafinta ta fice, har takalmi ɗaya a hannu ta riƙo shi. Sai a bakin ƙofar asibiti na cim mata. Tun ranar in na tayar da maganar sai ta yi kunnen uwar shegu da ni.

Don haka ka san yadda za ka yi da ita, tunda taka take ji. Ka rubuto da wuri.

'Yar goggonka,
Tela


17 ga Maris

Zuwa ga Sarauniyar Almakashi,

Wa alaikumus salam. Na samu wasiƙarki, na ji daɗin jin kowa lafiya. Ni ma lafiya, sai aiki da ya yi mini katutu. Ki gaishe da Goggo, ki ce shayin na rage, yanzu kofi shida ne kawai.

Wallahi kin sa ni dariya har da hawaye. Goggo da takalmi a hannu. Na karanta wa abokan aiki wurin, mai haɗa sauti ya faɗi daga kujera. Shi ne fa famfon. Buta ce yake tsiyayawa cikin daro a gaban makirufo, fiton kuma shi yake yi, don wanda ke fitowa a Likita Dogo bai iya ba. In kin ga Likita Dogon ma sai kin raina kanki: gajere ne mai tumbi, ga ciwon ƙafa, a zaune yake kashe mutanen duka. Shugaban shirye-shirye ya ce in aka kai ga tsofaffi suna gudun famfo, to wasa ya karɓu. Ya ƙara mana wata shida.

Ke kuma ki daina kishi. Dogon hannu kike yi wa riguna, ni kuwa ina taɓa zukata, ai ba ɗaya ba.

Batun ƙullutu, Allah ya sawwaƙe. Kin san Goggo da tsoron asibiti tun ba yau ba. Ranar da aka kai ni rigakafi ina yaro, ita ta fara kuka kafin ni. Ki ba ta kwana biyu, za ta sauko. In maruru ne ma ƙila ya fashe da kansa.

Yanzu ga wani sirri, kada ki faɗa mata. Na yi mata kyauta. Daga ƙarshen watan nan wata tsohuwa mai wanki za ta shigo wasan, kuma Goggo ce sak. Yadda take yi wa riguna faɗa tana bugunsu, yadda take cewa “Allah na tuba” kafin ta yi dariya, har da maganar nan tata cewa ciwo baƙo ne, in ka shimfiɗa masa tabarma sai ya kwana. Duk na zuba. Da wankin nan ta ciyar da ni bayan rasuwar iyayena, ita ta koya mini yadda ake jan labari a ja ran mai sauraro. Ban taɓa saka mata da komai ba. Ina so ta ji kanta a rediyo, duniya tana sauraro. Matar da ta hau muryar, sai da ta sa mu kuka ranar ɗauka. Mun riga mun naɗe, don mu kullum wata biyu muke gaba da abin da kuke ji. Ki lura mini da fuskarta ranar, ki ba ni labari.

Na tashi daga ɗakin da nake, mai gidan ya sayar. Kafin in samu wuri, ki riƙa aiko wasiƙa ta gidan rediyo.

Ɗan kawunki, kuma ubangidanki


6 ga Afrilu

Ɗan kawu,

Assalamu alaikum. Muna nan dai. Yara lafiya. Inna ba lafiya, kuma wannan karon na kulle shago ni kaɗai nake rubutu, don haka ka karanta da hankalinka.

Waccan wasiƙar Inna na gefena na rubuta ta, ta ce sai na karanta mata kafin in liƙe. Shi ya sa na ce ɗan ƙullutu, shi ya sa na yi ta raha. Na ɗauka mai rubuta wa duniya labari zai gane abin da ke bayan magana. Ashe ka ɗauka ka kai wa abokanka suka yi dariya. Na karanta amsarka a tsaye. Ban taɓa jin haushinka irin na ranar ba.

Ba maruru ba ne. Ciwon daji ne, a mama. Likitan ya ce an yi sa'a an gani da wuri, in aka cire yanzu akwai kyakkyawan fata, in aka bari zai yi rassa. Ya ba mu ranar ashirin da takwas ga watan jiya. Na shirya jaka, na kira mai mota. Inna ta zauna a tsakar ɗaki ta ce ko gawarta ba za ta shiga ɗakin nan ba. Ranar ta wuce. Likitan, mutumin kirki, ya ce in ta yarda ko yaushe mu zo, amma kada mu yi wasa da lokaci.

Sai ga kyautar taka ta iso. Ka ce in lura maka da fuskarta, na lura. Da tsohuwar ta fara yi wa riguna faɗa, matan shago suka kwashe da dariya suna nuna Inna. Ita ma ta yi murmushi, har ta rufe baki da mayafi. A kashi na biyu tsohuwar ta ce ƙirjinta na ciwo. A na uku 'yarta ta matsa mata sai ta je wurin Likita Dogo. Nan murmushin ya ɗauke. Da aka watse ta kira ni ta ce, “Ke, yaron nan da ni yake. Ya ji abin da kuke shirin yi mini, ba shi da halin faɗa a fili, shi ne ya biyo ta nan.”

Na ce, “Inna, tun kafin mu je asibiti suka naɗi wannan.”

Ta ce, “To ai kin ji. Allah ne ya nuna masa.”

Na gaya mata buta ce da daro. Na gaya mata Likita Dogo gajere ne mai ciwon ƙafa. Ta ce ita ma ta san 'yan wasa ne, ba yarinya ba ce ita, amma 'yan wasa ai abin da ya faru suke kwaikwayo. Ta ce ɗanta bai taɓa yi mata ƙarya ba. Yanzu ko ruwa na ba ta sai ta dubi kofin, don a rediyo 'yar ce ta kai uwar.

Abu biyu nake roƙonka. Ka rubuto mata da hannunka, ka ce ƙirƙira ce. Sannan ka fitar da tsohuwar nan daga ɗakin tiyata da ranta. Ban san me ka rubuta mata a gaba ba, amma ina jin tsoro. Wanda ya ɗaure kura shi ya san yadda zai kwance ta.

'Yar goggonka


27 ga Afrilu

Assalamu alaikum.

Sati uku ba amsa. Ko fushi ka yi don na faɗa maka gaskiya, ko aikin ne ya fi mu, kai ka sani. Wannan na ba direban da ke zuwa wajenku, na ce kada ya ba kowa sai hannunka.

Ranar Juma'a tsohuwarka ta mutu. An buɗe famfo, an yi fito, 'yarta ta yi ta kiran sunanta a bakin ƙofa. Shagon nan har mai gyaran takalma sai da ya share ido. Ka iya, ban hana ka ba. Inna ba ta yi kuka ba. Ta juyo ta dube ni a gaban mutane ta ce, “Kin ji ko?”

Ƙullutun ya ƙaru, hammatarta ta fara kumbura. Ba ta bari in gani, a wurin wanka na hanga.

In ba za ka yi komai ba, ka faɗa mini in sani.


5 ga Mayu

'Yar goggo,

Wa alaikumus salam. Ban san da bakin da zan gaishe ki ba. Jikina lafiya, shi ke nan abin da zan iya cewa.

Direban ya same ni a bakin ƙofa. Na karanta ban gane wace gaskiya kike nufi ba, don ban ga wata wasiƙa ba. Sai na tuna ni na ce ki aiko ta gidan rediyo. Duk takardar da ta zo da sunan mai rubuta Farar Riga, cikin buhun wasiƙun masu sauraro ake jefa ta, kuma buhu huɗu ne a jingine bayan ofis. Na zazzage su a ƙasa. Na yi wuni guda a durƙushe cikin yabon mutane kafin na ga rubutunki. Sati huɗu tana nan, taku goma daga teburina.

Na yi dariya a kan ciwon Goggo. Na kai wa mutane suka taya ni. Wannan ba zai bar ni ba har in mutu, kuma ba na neman ki yafe yanzu.

Ki yarda da ni, ciwon ƙirjin tsohuwar ba daga Goggo na ɗauko ba. Tun watan Janairu na rubuta. Ina neman abin da zai kai ta asibiti ne kawai, na ɗauki wanda ya fara zuwa kaina. Na kashe ta kuwa don na san ita za a fi so, kuma wanda aka fi so shi ake kashewa in ana so mutane su dawo ranar Talata. Haka aikin yake, haka na iya shi.

Na je wurin Shugaba. Ya tausaya, amma ya ce kashi goma sha shida na gaba an naɗe, an rarraba wa tashoshi, ba mai iya janyo su. Wadda ta mutu ta mutu, masu sauraro sun ji da kunnensu. Abin da ya yarda shi ne in shigo da sabon likita, na kirki, wanda zai tona asirin Dogo ya yi wa wata mata aiki ta tashi. Na fara rubutawa. In komai ya tafi daidai, farkon watan Yuli za ku ji.

Na nemi hutu. Ni kaɗai ne marubucin, in na tafi ba mai rubuta sabon likitan. Da na gama zan taho. Ga takardar Goggo a ciki, ki karanta mata.

Ɗan kawunki

Goggona,

Ina gaishe ki da girmamawa, ya jiki? Allah ya ba ki lafiya. Goggo, abin da kike ji a rediyo ni na zauna na ƙirƙira, kamar yadda kike ƙirƙira mana labari muna yara. Babu Likita Dogo a duniya. Ban taɓa ganin likitan da ya kashe mutum da gangan ba, ban taɓa jin labarinsa ba. Tsohuwa mai wanki na yi ta ne don in faranta miki, ba don in gargaɗe ki ba. Na yi kuskure. Don girman Allah ki bi 'yarki asibiti a cire abin nan. In kin taɓa jin maganata, ki ji wannan.

Ɗanki


19 ga Mayu

Ɗan kawu,

Assalamu alaikum. Saƙonka ya iso. Yara lafiya, babansu ya dawo ya sake tafiya. Inna tana tashi tana zama, amma hannun hagu ya yi nauyi, ta daina ɗaura zane da kanta.

Na karanta mata takardarka sau biyu. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, “Ke kika rubuta.” Na nuna mata hannunka, ta ce ita me ta sani a rubutu. Ta aika aka kira malamar makarantar da ke bayanmu, ta sa ni na fita waje. Malamar ta karanta mata daidai yadda na karanta. Na ce to, Alhamdu lillahi. Da na shigo sai na tarar tana ninke takardar tana girgiza kai.

Ta ce, “Allah sarki. Kin kai ƙararsa wurin manyansa, sun tsare shi ya rubuta wannan. Kina so a kore shi daga aiki?”

Na ce, “Inna, wane manya? Roƙonki yake yi.”

Ta ce, “Takarda kowa na iya sa ka ka rubuta. Wanda ya zauna wata da watanni yana jera magana, ya sa ta a bakin mutane har na ji tsigar jikina ta tashi, wannan daga cikinsa ta fito. Ni na raine shi, na san inda gaskiyarsa take.”

Na fita bayan shago na yi kuka mai isata. Shekara arba'in ina neman matar nan ta yarda da maganata sau ɗaya. Na kawo mata likita, na kawo takardar gwaji, na kawo wasiƙarka, duk buta da daro sun fi mu.

Na koma asibiti ni kaɗai. Likitan ya ce har yanzu zai gwada in ta zo cikin makonnin nan, amma kullum ƙofar ƙara rufuwa take.

Abu ɗaya ta faɗa da na riƙe. Ta ce in ƙarya ce, ka zo ka zauna a gabanta, ka dubi idonta ka faɗa. Don haka ka ajiye alƙalamin nan. Ba sabon likita muke bukata ba, kai muke bukata. Kwana biyu ne a mota. Ka taho.

'Yar goggonki, au, 'yar goggonka. Ka ga har hannuna ya fara rikicewa.


2 ga Yuni

'Yar goggo,

Wa alaikumus salam. Na ji halin da ake ciki, Allah ya kawo sauƙi. Ki yi mini sannu wurin Goggo.

Na karanta inda kika ce in taho, na ɗauko jaka, sai na sake karanta maganar Goggo. Ita da bakinta ta ce takarda ba komai ba ce, abin da ya fito a wasa shi ne gaskiyata. To in na zo na zauna a gabanta, me zai hana ta ce ke kika sa ni? Ta rediyo abin ya shiga, ta rediyo zai fita. Na roƙi Shugaba ya matso da sabon kashin, ya yarda a sa shi ranar ashirin da huɗu ga wata. Sati uku ne kawai.

Na ba sabon likitan duk abin da nake da shi. Yana bayani dalla-dalla, yana kwantar wa mara lafiya hankali, yana faɗin amfanin zuwa asibiti da wuri. Har wurin wani likita na je ya duba mini, ya ce babu kuskure ko ɗaya. Mai haɗa sauti ya ce jawabin ya yi tsawo, na ce a bar shi haka.

Akwai kuma abin da ba zan ɓoye miki ba. Ina jin tsoron idonta. Tun ina yaro duk abin da na kawo mata yabawa take yi. Ban san yadda zan zauna in ce mata abin da take alfahari da shi a layi shi ke neman kashe ta ba. Ki bar ni in gyara tukuna, in zo da abin da zan nuna.

Ki tabbata tana kusa da rediyo ranar.

Ɗan kawunki


8 ga Yuli

Ɗan kawu,

Assalamu alaikum. Yara suna gaishe ka. Na rufe shago sati biyu ke nan, na mayar wa mutane yadinsu. Inna tana kwance, na dawo da gadonta kusa da taga don ta riƙa ganin masu wucewa.

Ban amsa waccan ba don ba ni da abin faɗa. Na ce ka zo, ka karanta ka ga wani abu daban. Ka tsinci maganar da ta yi maka daɗi a cikin wasiƙata ka bar sauran.

Ranar ashirin da huɗu na kai mata rediyo har kan gado. Ta saurari sabon likitanka tun daga sallama har ƙarshen jawabinsa. Matar da aka yi wa aiki ta tashi tana godiya. Ina ta satar kallon Inna. Da aka sa kiɗan rufewa ta ce, “Kashe.” Na kashe.

Ta ce, “Wannan ba hannunsa ba ne.”

Na ce, “Inna, wallahi shi ya rubuta.”

Ta ce, “To an tsaya a kansa. Ke ba ki ji ba? Mutumin nan ba ya tari, ba ya gajiya, ba ya mantuwa. Magana yake kamar allon sanarwa. Dogo kuwa ina jin numfashinsa. Wancan akwai shi, wannan babu.”

Ban yi gardama ba, don ni ma da nake addu'ar abin ya yi, hamma ta kama ni a tsakiyar jawabin. Mugun ka ba shi rai, na kirkin ka ba shi gaskiya kawai.

Kwana uku bayan nan numfashinta ya sarƙe, ta galabaita har ba ta san inda take ba, muka ɗauke ta zuwa asibiti. Sun yi hoto. Likitan ya kira ni gefe ya ce maganar aiki ta wuce, abin ya kai huhu. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya ba mu maganin rage zafi, ya ce mu kai ta inda ta fi jin daɗi. Na tambaye shi wata nawa, ya ce in ƙirga da makonni.

Ban gaya mata ba. Ita a wurinta ta shiga asibiti ta fito ba a yanka ta ba, ta tsira. Hankalinta a kwance yake, har ta daina duban kofi in na ba ta ruwa. Jiya ta riƙe hannuna ta ce ta yafe mini, ta san ruɗina aka yi. Na ce na gode.

Ta ba ni saƙo, ta sa na maimaita don kada in rage. Ta ce in ce maka ta ji gargaɗinka, ba ta shiga ɗakin ba. Ta ce ta san abin da ka sa kanka a ciki saboda ita, kada ka damu da takardar da aka sa ka rubuta, ba ta riƙe ka da komai ba. Ta ce a cikin duk wanda ta raina kai ne ka saka mata, Allah ya yi maka albarka.

Yanzu ka taho. Ba don ka dubi idonta ka faɗi gaskiya ba, lokacin wannan ya wuce, kuma in ka faɗa ban yafe ba. Ba abin da zai ƙara mata sai baƙin ciki. Za ka shigo ka durƙusa a gaban gadon, za ta dafa kanka ta gode maka don ka ceci ranta. Kai kuma za ka ce amin, ka karɓa.

Motar safe tana tashi ƙarfe shida.

'Yar goggonka